Aron taɓarya

Agiye, ranar Lahadi

Zuwa ga Yaya Habibullahi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Tamanrasat. Mu nan sai godiya. Gero ya fara fitar da kai, rufin zaure bai zuba ba bana. Tun rasuwar Baba ni dai ga ni nan, in tafi lakol, wato makarantarmu, in dawo, in ci abin da aka ba ni, ba daɗi ba ɗaci. Mutane suna yaba mini haƙuri, alhali ba haƙuri ba ne, ban jin komai ne kawai.

Ka san darakta ya ba ni riƙon ɗakin karatu na kolej. Da can gara ce kaɗai ke karanta littattafan, kuma ta fi yaranmu ƙwazo nesa ba kusa ba. Bana an sa kantocin ajiya, an kawo sababbin littattafai, har da na Hausa. Watan jiya marubuta biyu suka zo, Malama Asta daga Maradi da wani dattijo daga Damagaram. Yara suka cika ɗakin har bisa taga. Ni na tsaya bakin ƙofa ina tsare littattafai. Malama Asta ta ce musu kada su je neman labari nesa, kowa ya koma gida ya tambayi tsohuwarsu, don abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Ta ce kuma kowane mutum a cikin labari a ba shi sunansa.

Ɗiyarka Ummuhani, wadda ba ta taɓa gama littafi ba sai an tsaya kanta, ta dawo ta tsare Inna da tambaya. Na zaci Inna za ta kore ta, don yanzu magana wuya take mata. Sai ta ba ta labarin wata yarinya da ta haifi ɗan fari, aka yaye shi aka kai shi gidan kakarsa kamar yadda aka saba. Kunya ta hana ta ɗaukarsa gaban mutane, ta hana ta kiran sunansa. Sai ta riƙa zuwa gidan kullum da hantsi wai aron taɓarya, alhali tana da biyu a bayan ɗaki. Ta tsaya ana nemo mata, ta saci kallon yaron yana wasa da ƙasa, ta karɓa ta tafi. Ummuhani ta ce a faɗa mata sunan yaron, tunda Malama ta ce a ba kowa sunansa. Inna ta ce wa Ummuhani ta rubuta sunan ubanta, ita dai bakinta ba zai iya ba.

Ummuhani ta rubuta labarin ta karanta shi gaban 'yan ajinsu, yanzu yana manne a bangon ɗakin karatu. Wasu malamai sun share hawaye. Ni na kwashe kujeru na rufe taga.

Yaya, ba na manta abin da ka ce ranar da za ka tafi, cewa Inna ba ta taɓa kiranka ba, ba ta taɓa dubanka ido da ido ba, ni ce ɗiyarta, kai baƙo ne. Da aka yi rasuwa ka aiko da buhun shinkafa, ba ka zo ba. Ban ce ka yi laifi ba, ba ni da ƙarfin faɗa ma. Amma ƙafafun Inna sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, ya ce mai son ganinta kada ya jira kaka. Ba za ta ce a kira ka ba, ka san ta. Ko da waya ta yi ƙara, iyakarta ta tambaya ko wancan ne.

Akwai abin da ban gane ba sai da na ji labarin nan. Kullum da safe kafin in tafi lakol sai ta ce in ara mata wayata ta duba lokaci. Ta riƙe ta jima, sannan ta miƙo mini. Yaya, Inna ba ta san agogo ba. Hotonka ne a fuskar wayar.

Kawu Nomau yana gaishe ka, da Gwaggo Jaye, da Inusa mai shago. Ummuhani ta ce a gaya maka ta fara labari na biyu. Ka gaida Sule da sauran 'yan gida da ke can. Inna ba ta ce a gaishe ka ba, tana zaune kusa da ni tun da na fara rubutun nan.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Asama'u Auta