Sheƙa a Ƙofar Iska

Tsibiran Orkney, Mayu 1943

Inna,

Ina gaisuwa. Yaya ƙafar Baba? Ni lafiya lau, sanyi ne dai ya tsattsaga min hannu.

Jiya jirgin saman yaƙin da nake gyarawa ya dawo daga teku injin yana hayaƙi. Matuƙin ya diro ya ce, "Kai Denzil, gasa ni ka so yi?" Da muka kwance murfin injin, ashe tsuntsu ne ya yi sheƙa a ƙofar da iska ke bi ta sanyaya injin. Allah ya wanke ni, matuƙin kuma ko ƙwarzane bai yi ba.

Aiko min tsohuwar safar Baba in riƙa toshe ƙofar idan jirgin yana ƙasa. Ja za ki aiko, Inna, kada a manta a cire ta kafin ya tashi.

Ɗanki,
Denzil