Duk 'Yan'uwana Ne, Ranka Ya Daɗe

Magariya

Yaya Ƙande,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina yara da maigidan? Albishirinki! Na gano dabarar rage kuɗin asirans, wato inshorar mota. Wannan karon na yanki na motar gida, wanda bai kai rabin na motar haya ba. In mun doshi shingen jandarma sai in ce wa fasinja, "Kowa ya zama ɗan'uwana." Mu isa in ce biki za mu Waca. Jiya har wani Bafulatani ya zama kawuna! Ki sa mini albarka.

Ƙanenki, Sale

Dungas

Sale,

Muna lafiya, yara na gaishe ka. Kai dai tun kana ƙarami wayonka a gaba yake, hankalinka a baya. Kullum biki, jandarmomin ba su gaji da danginka ba? Na yi dariya, amma wallahi gabana ya faɗi. Rayukan mutane kake ɗauka. Ka je ka gyara takardar nan, auta.

Yayarka, Ƙande

Magariya

Yaya,

Ina gaisuwa. Abin da kika ji tsoro ya faru. Taya ta fashe kusa da Bande, muka gangara rami. Kowa ya fita lafiya sai wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Baba Fadi, ƙafarta ta karye. Tana gidan likita, ni nake kai mata kunu, don ba ta da kowa.

Mutumin asirans zai zo tambayarta. In ta ce ta biya kuɗin mota, ba za su ba da ko dala ba, sai na sayar da motar. Ita kuwa ta kama hannuna ta ce, "Ɗan nan, kwantar da hankalinka, zan rantse ni na haife ka." Yaya, na kasa kallonta. In bar ta?

Sale

Dungas

Sale,

Allah ya ba ta lafiya. A'a! Ka karya mata ƙafa, kada kuma ka ɗora mata rantsuwar ƙarya da furfurarta. Faɗi gaskiya da bakinka. Na aika tumakina kasuwa, maigida ya yarda, zan aiko maka kuɗin ka biya magani ka yanki asirans na haya. In an sallame ta ka kawo mini ita. Ɗakin Inna a rufe yake tun rasuwarta, na gaji da ganinsa haka. Kada ka yi kuka, na san ka.

Ƙande

Dungas, tasha

Yaya,

Mun iso, ki turo amalanke, ba ta iya takawa tukuna. A shingen hanya jandarma ya duba sabuwar takarda, ya nuna Baba Fadi ya ce, "Wannan fa?" Na ce innata ce. Ban shirya ba, haka ya fito, kuma ko kaɗan gabana bai faɗi ba.

Sale