Yawon da Na Tsara wa Inna

Assalamu alaikum Yaya Hafsatu,

Ya gida, ya jikin Inna? Ni lafiya lau nake a Setapak.

Na ji likita ya hana Inna hawa jirgi, ku kuma ba za ku bar ta ku zo bikina ba. Ba komai, haka Allah ya so.

Da ma na tsara muku yawo a Malaka, garin su amaryar: kwalekwale, tsohuwar ganuwa, da masallacin bakin teku. Saboda gwiwar Inna, na bi hanyar da ƙafa, duk inda akwai benci na rubuta.

Surukaina suna ta tambayar mutum nawa za a taro. Na kasa ba su amsa.

Inna ta sa min albarka. Kada ki karanta mata maganar bencin.

Ƙaninki,
Muttaka