Ranar da na samu jika, goɗiyata ta ƙi ci

Garwa, daren Laraba, goma ga Rajab.

Alhamdulillahi, 'yata Hadiza ta sauka lafiya da hantsi, namiji. Jikana na fari. Na ɗauke shi, na ce ɗan da goɗiyata Bidi za ta haifa nasa ne.

Ban rufe baki ba aka ce Bidi ta ƙi dusa. Na tarar da ita jiƙe da gumi, ta kwanta ta tashi, tana waiwayen cikinta. Haka uwarta ta yi ranar da ciwon ciki ya kashe ta. Wata goma sha ɗaya ina lallaɓa ta, har sai da na roƙi sojan Jamus su bar mini ita da suka zo neman dabbobin kaya.

Na jiƙa kanwa zan ɗura mata, sai ga maƙwabcina Bappa Sali ya zo barka. Ya riƙe mini hannu.

"Malam, duba hantsa tukuna. Ka ga abin nan kamar kakin zuma a bakin nono? Taɓa gindin wutsiya, ya saki. Wannan haihuwa ce, yau ko gobe."

Na zubar da kanwar, na shimfiɗa mata ciyawa.

Da na shiga gida, mai ɗakina ta ce, "Ni na samu sabon ango. Koma wurin goɗiyarka."

Na kuwa koma. Ga ni a bakin turke da fitila, ɗazu nono ya fara ɗiga. Allah ya sauke ta yadda ya sauki Hadiza, in cika wa yaron nan alkawari.