Kanwar da Na Aiko

Yaya Meram,

Assalamu alaikum. Ya jikin Inna, ya mutanen Gashuwa?

Aiki lafiya. Kullum ina ƙirga itatuwan da muka dasa a tsohon ramin ma'adinai da aka cike. Ruwan sama ya wadata, amma duk inda wani farin gishiri ya tsatso, dashen bushewa yake. Na ɗauka kanwa ce irin ta Yusufari, shi ya sa na kankaro na aiko miki.

Akuyar maigadinmu ta lasa, jiya ta mutu.

Don Allah kar ki sa wa Inna a kunu. Ki binne kanwar nesa da rijiya. Ni sau uku kawai na sha, ciwon cikin ma da sauƙi.

Tun Juma'a wayarki ba ta shiga. Allah ya sa lafiya.

Ƙaninki,
Babagana