Tikitin Nagoggo

Litinin, 24 ga Maris, 2025

An ɗauke ni kiɗan kalangu a wasan Sallah na mawaƙi Sharfaddeen da zai zo daga Kano. Mai shirya wasan ya ce 'yan gari ba a biyan su kuɗi, tikiti biyu ake ba kowa, “ka yi yadda ka so da su.” Na karɓa har da godiya, kamar wani sakarai.

Ɗaya na tsohuwata ne, Nagoggo. Shekara goma sha ɗaya ina kiɗa, ba ta taɓa ganina a kan dandamali ba. Da na gaya mata, sai ta ce, “Akwai kujera? Ka san ƙafata.”

Alhamis, 27 ga Maris

Tikiti ya ƙare tun ranar farko, wai. Ƙarya ce. Wani Saleh da abokansa 'yan bumburutu ne suka kwashe, na dubu uku suna sayar da shi dubu goma sha biyu a bakin tasha. Da azumi a bakinsu! Na tsani mutumin nan.

Asabar, 29 ga Maris

Fatar kalanguna ta tsage. Zafin garin nan ba ya barin komai.

Talata, 1 ga Afrilu

Na sayar wa Saleh tikitin. Duka biyun.

Ɗaya ma ya isa sabuwar fata, na sani. Amma ya riƙe hannuna yana cewa, “Malam, tsohuwa me za ta yi a cikin hayaniya? Saya mata nama.” Na saya mata naman. Na ce mata an hana tsofaffi shiga saboda turmutsitsi. Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ba ta kalle ni ba.

Laraba, 2 ga Afrilu

Bayan la'asar muka hau. Rabin kujerun babu kowa, jama'a kuwa cike a waje, ana jin su ta katanga suna bin waƙar. Sharfaddeen ya yi waƙa biyu ya tsaya. Ya ce bai taso daga Kano don ya yi wa kujeru waƙa ba, ko a buɗe ƙofa ko ya sauka. Aka buɗe. Mata da tsofaffi aka fara shigarwa, aka zaunar da su a gaba, daidai inda nake tsaye.

Ban taɓa kiɗa mai kyau irin na yau ba, ban kuma taɓa jin baƙin ciki irinsa ba. Ina ta duba fuskoki, alhali na san tana gida, a unguwarmu ta Yerimaram, a kan tabarmarta.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Ashe maƙwabciyarmu Yakaka ta shiga, ita da ta girmi Nagoggo. Ta zo ta ba da labari tas.

Da na kai mata ruwan alwala, Nagoggo ta ce, “Yakaka ta ce ka iya kiɗa.” Shi ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Saleh ya kira, wai akwai wasa a Damaturu, yana sayen tikitin makaɗa tun kafin a raba. Na ce masa ni ba irinsa ba ne. Ban dai goge lambar ba tukuna.