Da Bakina Na Ce Muna Sayar da Ganye

Zuwa ga Alhaji, Shugaban Kwamitin Tsaro na unguwarmu, Tudun Wada, Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran dattawan kwamiti. Ni ce Dije mai zogale, ta layin bayan masallaci. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, don haka maƙwabciyata Malama Rifkatu, wadda ta yi aikin jinya har ta ajiye, ita ce riƙe da biro. Na ce mata ta rubuta yadda ya fito daga bakina, kada ta gyara. Na kuma ce a karanta ta a fili kowa ya ji, tunda sau uku ina zuwa ƙofar gidanka ana ce mini ka fita.

Maganar jikana ce, Nasiru, ɗan acaɓa, wanda kuka kama a gidana kuka miƙa wa hukuma. Uwarsa 'yata ce, ta rasu yana rarrafe, ni na goya shi. An ce mini za a shigar da shi kotu, kuma ni ce babbar shaida a kansa. Ni. To ka saurara ka ji yadda aka yi na zama shaida.

Na ɗaya, maganar ganye.

Alhaji, kai ka san sana'ata, don kana ɗan saurayi ka sha tsayawa a zaurena kana cewa a ƙara maka ƙuli. Ganye nake dafawa. Zogale, rama, tafasa idan damina ta yi. In kwaɗa in sayar. Duk wanda ya yi sallama a ƙofata ya ce "akwai ganye?" tun kafin a haifi Nasiru, amsata ɗaya ce: akwai.

To wajen shekara biyu da suka wuce sai samari suka fara yawa. Wasu daga wajen Kongo, wasu daga Gyallesu, wasu ban san daga inda suke ba. Su yi sallama, su ce, "Inna, akwai ganye?" In ce, "Akwai, zogale ko rama?" Sai su kwashe da dariya, har da tafa hannu, su ce, "A'a Inna, na Nasiru muke so, ya fi naki ƙarfi." In ce, "Ja'irai, mijin nawa ko ruwan zafi bai iya dafawa ba, ina ya ga ganye?" Na ɗauka tsokana ce irin ta jika da kaka. Ni da kaina nake ɗaga murya in kira musu shi. In ce, "Nasiru, fito ga mutanenka." Wani lokaci har in ba su kyautar zogale a leda, don na ga suna girmama ni.

Na san wiwi, Alhaji. Wa bai san wiwi ba? Tun muna 'yan mata ake cewa wane ya lalace, tabar wiwi yake sha. Da ɗaya daga cikinsu ya ce wiwi, ko sau ɗaya, da da muciya zan raka shi bakin titi. Amma ba wanda ya taɓa faɗa. Sun ɗauki sunan abin da nake ci da shi sun liƙa wa nasu.

Na biyu, sauran sunayen. Malama Rifkatu ce ta zaunar da ni bayan abin ya faru tana warware mini su ɗaya ɗaya, ina jin kamar ana zare mini haƙora.

Idan ya ce a waya "kaya sun iso," na ɗauka kayan gyaran babur ne. Ashe wiwin ce.

Idan ya ce "ƙulli nawa?" ban ko juya ba. Ni ma ƙulli nake yi, na yaji, na daddawa, na gishiri. Ashe haka ake sayar da ita, ƙulli ƙulli a takarda. Rifkatu, rubuta wannan ko da ba daɗi: wata rana ya zauna kusa da ni ya ce, "Inna, koya mini yadda kike ƙulli ba ya zubewa." Na ji daɗi. Na ce yau mijina zai koyi sana'a. Na kama yatsunsa na nuna masa yadda ake murɗa baki. Da hannuna.

Idan ya ce "na tafi jangul," na ɗauka wata tashar 'yan acaɓa ce, tunda kowace tasha da sunan da suke sa mata. Ashe kangon nan ne da ba a ƙarasa ginawa ba, can bayan kwata, inda suke taruwa su naɗa su zuƙa.

Idan abokansa suka kawo shi ido jajir suka ce, "Inna, bar shi ya kwanta, caji ya yi," in ce, "Wannan waya tasa ba ta ƙoshi da wuta ne? Kullum caji?" Su yi ta ƙunshe dariya. Ashe caji buguwa ce. Shi ne ya cika, ba wayar ba.

Sai kuma su laud, da Arizona, da kolos. Wallahi Alhaji, na ɗauka mutane ne. Na ji yana cewa, "Arizona ya ƙare, sai dai kolos." Na ce, "Inna lillahi, ɗan gidan wa ne ya ƙare? Yaushe aka yi jana'iza?" Ya ce, "Inna ke dai ci gaba da tsinke zogalenki." Kolos kuwa na zaci yaron shagon Inyamuran nan ne na bakin titi. Har cewa na yi, "Kullum kolos kolos, ka ce masa ya shigo mu gaisa mana." Rifkatu ta ce mini laud da Arizona duk iri-irin wiwi ne, wata ta fi wata ƙarfi. Shi kuwa kolos ba ma wiwin ba ne sosai, busasshen ganye ne ake fesa masa magani mai guba, shi ne yake juya wa yara kai. Shi nake gayyata gidana mu gaisa.

Za a ce ban ji wari ba? Ba ya sha a gida. Kuma hancin da ya shekara arba'in a kan murhun itace, me ya rage masa? Za a ce ban ga idonsa ba? Na gani. Na ce iskar babur ce. Na ga yana cin tuwo malmala uku ya nemi ƙari, na ce ƙarfin samartaka ne. Na ga ya fara magana shi kaɗai yana dariya, na ce ko shafar aljanu ce, na karɓo masa rubutu. Wannan laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Zuciyata ba ta so ta gani ba. Amma kunnena a buɗe yake, da an faɗa mini da na ji.

Na uku, kuma nan ne kukana da kai yake.

Kafin azumin bara ka zo zaurena da kanka, da rana tsaka, kai da mutum biyu. Na shimfiɗa muku tabarma. Ka ce, "Inna, ganyen nan ya yi yawa a gidan nan. Maƙwabta suna kuka. A rage." Haka ka ce, ban ƙara ko harafi ba. Na ce, "To Alhaji, in Allah ya yarda za a gyara." Kuna fita na ɗauki tsintsiya. Duk itatuwan zogalen da nake zubarwa bakin kwata na kwashe su, na wanke wurin tas, na daina zubar da ruwan rama a layi. Kwana uku bayana yana ciwo. Ina ta jin kunya wai na dami maƙwabta da shara.

Alhaji, ka sani a ranar. Ka san abin da yaron nan yake yi, ka san inda yake ajiyewa. Ka zauna a kan tabarmata ka yi mini magana da yarensu. Me ya hana ka ce, "Inna, jikanki wiwi yake sayarwa"? Kunya ce? Kunyar me, ni da na girmi uwarka? Ko kuwa ka ɗauka na sani ina ci da shi ne? Idan haka ka ɗauka, to ka zalunce ni. Idan kuma kunya ce, kunyarka ta cinye mini yaro. A lokacin bai fara shan kolos ɗin nan ba, hankalinsa yana jikinsa, yana jin tsoron ɓacin raina. Akwai ƙanin ubansa a ƙauye mai noma, da na tura shi can ko da kuka. Shekara guda cur ka ba abin yana girma.

Na huɗu, ranar da kuka zo.

Talata ce, da hantsi, ina tsame zogale daga tukunya. Yaranka na kwamiti suka shigo da mutanen hukuma. Wani mai tsayi ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Mama, ana sayar da ganye a gidan nan?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Duk unguwar nan an san mu da shi."

Ya ce, "Wa yake sayarwa?"

Na ce, "Ni da jikana. Shi ma yana da nasa masu sayen, har sun fi nawa yawa. Daga Kongo ma zuwa suke yi."

Da alfahari na faɗa, Alhaji. Na ɗauka masu duba tsabtar abinci ne, ina so su san ba zaman banza yake yi ba. Ɗaya daga cikin yaranka yana riƙe da waya yana ɗauka, yana cije leɓe kada dariya ta ƙwace masa. Suka shiga ɗakin Nasiru suka fito da shi daga shi sai gajeren wando, suka fito da wata tsohuwar kwallata da na daɗe ina nema, cike da ƙulle-ƙulle. Irin ƙullina. Aka rubuta takarda, aka kama babban yatsana aka dangwala. Ba wanda ya karanta mini.

Yanzu hoton nan yana wayar kowa. Yara suna wucewa ta ƙofata suna cewa, "Inna dila, akwai ganye?" Dila, wai mai sayar musu. Matan da muke zuwa islamiyya tare sun daina aiko 'ya'yansu. In dafa zogale ya kwana ya yi yami in zubar. Wannan duk zan iya haɗiyewa, kwana nawa ya rage mini. Ba shi ya sa na kira Rifkatu ba.

Na biyar. Na je na gan shi inda yake tsare. Rifkatu ce ta raka ni a keke. Ya rame, yana ta waige kamar ana kiransa. Na kai masa tuwo bai taɓa ba. Can ya dube ni ya ce, "Inna, an ce ke kika faɗa musu." Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, sai na ga haka ne. Ni na faɗa. Na ce, "Nasiru, ban san abin da nake faɗa ba." Ya ce, "Ai shi ke nan," ya juya wa bango fuska. Har aka ce lokaci ya yi bai sake juyowa ba. Rifkatu ta ce wannan ba ɗaurin kurkuku yake buƙata ba, asibitin ƙwaƙwalwa yake buƙata, kuma idan aka daɗe ba lallai ya dawo daidai ba.

To ga roƙona.

Ban ce a sake shi ya dawo layi ba. Ya sayar wa 'ya'yan mutane guba, su ma suna da iyaye, na sani, kuma zan tsaya gaban Allah da rabona na wannan. Amma kai da ka miƙa shi, ana jin maganarka. Ka je ka ce musu yaron ba shi da lafiya, a fara kai shi asibiti, hukunci ya biyo baya.

Ka sa yaronka ya goge hoton nan, duk da an ce mini abin da ya shiga waya ba ya fita.

Ka tara matan unguwa, na islamiyya da na coci, a tsaya a faɗa musu sunayen nan ɓaro-ɓaro, ba kunya ba kwana-kwana. Akwai wadda yanzu haka ɗanta yake ce mata ya tafi jangul tana ce masa Allah ya kiyaye hanya. Rifkatu ta ce ita za ta yi bayanin idan kun ba ta wuri. Ta ce ma sunayen canzawa suke yi, kafin mu koyi waɗannan sun ƙirƙiro wasu. To ko ba komai a faɗi na yau.

Na ƙarshe, kada a tsayar da ni a kotu. Idan alƙali ya sa na dafa Alƙur'ani ya ce in faɗi gaskiya, ba zan yi ƙarya ba, ban taɓa yi ba. Ranar farko na faɗa ban sani ba. Wannan karon zan faɗa ina sane, yana tsaye yana kallona. Alhaji, ba ni da kowa sai shi. Kuna da kwalla, kuna da ƙulli, kuna da hoto. Sun ishe ku. Ku bar mini bakina.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya shirya maka zuri'a, ya sa kada ka taɓa jin irin wannan a gidanka. Idan kuma ya ƙaddara, Allah ya haɗa ka da mai faɗa maka da wuri.

Akwai sauran magana, amma bari in tsaya nan. Rifkatu, sa wassalam, na gaji.

Wassalam.

Dije mai zogale, Tudun Wada.

Nan ta tsaya. Ni Rifkatu mai rubutun na jira ko za ta ƙara wani abu, ba ta ƙara ba.